Yadda na karɓi ragamar gidan kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a Ingila

Wata ranar Talata a watan Yunin 2022, matar da ta mallaki gidan da nake aiki ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta ce manajanmu zai ajiye aiki nan da wata biyu, kuma ni take so in gaje shi. Na ce ta ba ni kwana uku in yi shawara. Da na fito na shiga mota, na daɗe a zaune ban tayar da ita ba, saboda Kawu ne ya faɗo mini a rai.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya shekara huɗu a wani gidan mari can bayan gari, kuma sau ɗaya tak aka kai ni gaishe shi, ina 'yar shekara tara. Har yau ina jin ƙarar sarƙar idan ya gyara zama, ina kuma tuna tambayar da ya yi mini, wai an yi ruwa a gida? Waɗanda suka kai shi can ba mugaye ba ne. Kakata sai da ta sayar da tumakinta wajen neman magani, asibitin Barnawa da ke Kaduna ya yi musu nisa, duk wanda suka tuntuɓa kuma cewa yake iska ce. Sun ɗaure shi ne don tsoron kada ya shiga duniya. To yau ga ni, jikar wannan tsohuwa, ana so a damƙa mini amanar mutum goma sha biyu masu irin larurarsa.

Na zo Ingila a 2015, na biyo maigidana da ya zo karatu. A 2016 na fara aiki a wannan gida a matsayin mai taimaka wa mazauna: rakiya zuwa wurin likita, koya girki, zama da wanda barci ya ƙaurace wa. Gidan yana wani gari a arewacin ƙasar. Ɗakuna goma sha biyu ne, da kicin, da falo biyu, da lambu a baya inda masu shan taba ke taruwa. Ba asibiti ba ne, ba mu da nas, ba ma sa yunifom. Akwai mai jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, akwai wadda za ta yi kwana uku ba ta runtsa ba tana shirin sayen duniya, bayan mako biyu kuma ko labule ba za ta iya ɗagawa ba. Da yawansu an taɓa tsare su a asibiti ƙarƙashin sashe na 3 na Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 1983, kuma sashe na 117 na dokar ya wajabta wa hukumar lafiya ta NHS da ƙaramar hukuma su ci gaba da ɗaukar nauyin kula da su bayan sallama. Da wannan kuɗin gidan ke tafiya. Kowa na riƙe da makullin ɗakinsa, ƙofar waje kuma daga ciki ake buɗe ta, wanda ya ga dama ya fita.

A farkon zuwana, kiran dattijo sa'an mahaifina da sunansa gatsal ya fi komai yi mini nauyi a baki. Sai da ɗaya daga cikinsu ya ce da ni a asibiti an shekara ana kiransa da lambar gado, sunansa yake so ya ji, sannan bakina ya saki.

A daren da aka yi mini tayin na kira Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Allah ya taya ki riƙo. Ki tuna da Kawunki.” Ranar Juma'a na koma na ce na amince.

A Ingila mai gida na iya ba ki kujera, amma ba ki zama manaja a idon doka ba sai hukumar CQC ta yi miki rajista. Ita ce ke sa ido kan asibitoci da gidajen kulawa tun 2009. Da zarar sunanki ya shiga rajistarta, alhakin abin da ya faru a gidan yana wuyanki tare da mai gida, ko kina nan ko kina barci a gidanki, kuma ana iya gurfanar da ke a kotu da sunanki.

Sa'ar da na ci ita ce na riga na gama difloma ta mataki na 5 a fannin shugabancin kula da manya. Na fara ta ne a 2020, lokacin da aka ba ni mataimakiyar manaja, daidai da kullen korona na watan Maris. Wata goma sha takwas na yi ina rubutu bayan yara sun kwanta, malamar da ke duba aikina kuma takan zauna a gefe ta ga yadda nake jagorantar taron ma'aikata.

Matakin farko na rajistar shi ne binciken DBS, wanda ke duba ko mutum na da tarihin laifi ko an taɓa haramta masa aiki da masu rauni. Ina da na wurin aiki, amma wannan daban ne, sai wanda hukumar da kanta ta sa wa hannu. Na cike ta intanet, na ɗauki fasfo da takardar shaidar adireshi na je gidan waya aka tantance cewa ni ce. Bayan ya fito na zauna kan fom ɗin neman rajistar. Suna son tarihin aikinki gaba ɗaya, kuma duk giɓin da ke tsakanin aiki da aiki sai kin faɗi abin da kika yi a cikinsa. Na rubuta shekarar bautar ƙasa, na rubuta makarantar kuɗin da na koyar a Kaduna wadda tuni ta rufe, na rubuta wata goma sha huɗun da na yi a gida bayan haihuwar fari, har da wankan jegon da na je gidanmu. Na ba da sunan likitana da na waɗanda za su yi mini shaida. Da farko na ga kamar tonon ya yi yawa. Amma ni ma haka nake tone duk wanda zan ɗauka aiki yanzu, don a cikin irin wannan giɓin ne wanda aka kora daga wani gidan saboda ya mari mazauni ke ɓuya.

Sai ganawar tantancewa. Ta bidiyo aka yi, kusan awa ɗaya da rabi, da wata jami'a mai magana a hankali wadda ba ta nuna ko amsarki ta yi mata. Na shafe makonni ina bitar ƙa'idojin 2014 da ke tafiyar da gidajen kulawa, da tambayoyi biyar da hukumar ke auna kowane gida da su: ko mutane na cikin aminci, ko kulawar na aiki, ko akwai tausayi, ko ana biyan buƙatar kowa yadda take, ko shugabancin na da kyau. Amma ba hadda ta nema ba. Labari take kawowa ta ce me za ki yi.

Ta ce idan mai gida ta umarce ni in rage ma'aikatan dare saboda kuɗi fa? Na ce zan rubuta mata haɗarin da ke ciki, idan ta dage kuma zan sanar da hukuma, ko da kujerata za ta tafi. Ta ce idan aka ba mutum maganin da ba nasa ba har ya cutu? Na ce bayan likita, shi za a fara faɗa wa gaskiya, a ba shi haƙuri baki da baki sannan a rubuce, kamar yadda ƙa'ida ta 20 ta ce. Ta ce ta yaya zan san gidana ya lalace idan na juya baya? Duk mai wannan aiki ya san dalilin tambayar. A 2011 shirin Panorama na BBC ya shiga da ɓoyayyar kyamara asibitin Winterbourne View kusa da Bristol, ya nuna ma'aikata na azabtar da masu naƙasar koyo. Mutum 11 suka amsa laifi, 6 suka tafi gidan yari. Wurin yana da rajista, yana da takardu. Na ce mata zan riƙa faɗowa gidan ƙarfe uku na dare ba sanarwa, zan ci abinci tare da mazauna, kuma ranar da na ga wata guda ya wuce babu wanda ya kawo ƙorafi, ranar zan fara damuwa.

Tambayar da ta tsaya mini ita ce ta ƙarshe. Mazauni ya karɓi kuɗin tallafinsa na gwamnati, ya nufi shagon caca zai zubar da su a yini ɗaya. Me zan yi? Amsar tana cikin dokar 2005 da ta yi magana kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara. Dokar ta ce a ɗauka kowa na da wannan iko har sai an tabbatar ba shi da shi, a taimaka masa ya fahimta iya ƙoƙari, kuma yin zaɓin da bai dace ba ba hujja ce ta rashin hankali ba. Idan ma an tabbatar ba zai iya ba, abin da za a yi masa ya zama don amfaninsa, ta hanyar da ta fi ƙarancin tauye shi. Na faɗi duk wannan daidai. Na ce zan zauna da shi, mu lissafa abin da zai rage masa na taba da sabulu, in ba shi shawara, in ya ƙi kuma kuɗinsa ne. Bakina na faɗa, zuciyata na ja da baya. A gidan da na tashi, idan kana ƙaunar mutum ka ga zai faɗa rami, riƙe shi kake yi ko yana so ko ba ya so, ka karɓe kuɗin ka adana masa. Na ci ganawar ba tare da na gama yarda da amsata ba.

Takardar rajista ta iso a watan Oktoba. Na sa ta a firem na rataye a bakin ƙofa.

Watannin farko jadawalin aiki ne ya cinye su. Ƙarfe shida na asuba waya za ta yi ƙara, wance ba ta da lafiya, kuma dole mutum biyu su kasance a gidan. A lokacin mafi ƙarancin albashi fam 9.50 ne a awa, a watan Afrilun 2023 ya koma fam 10.42, ma'aikatana kuma kaɗan suka ɗara hakan. Manyan kantunan cefane na biyan kusan daidai, ba tare da wani ya zage ka ko ya jefe ka da kofi ba. Ban taɓa ganin laifin wanda ya tafi ba. Ga lissafin magani duk mako, ƙwaya bayan ƙwaya a gwada da takardar sa hannu, ga gwajin ƙararrawar gobara, ga taro da jami'an walwala kan kuɗin da ƙaramar hukuma za ta biya.

A watan Fabrairun 2022 gwamnati ta buɗe bizar ɗauko masu aikin kulawa daga waje, sai gidan ya cika da 'yan Najeriya da Gana da Zimbabuwe da Indiya. Cikinsu akwai wani saurayi Bahaushe daga Zangon Kumasi, mai ladabi da haƙuri, wanda ko kaya ya gan ni da su sai ya karɓa. Wata safiya na samu a littafin miƙa aiki cewa wata mazauniya ta yi dare uku tana kwana da fitila a kunne. Da na zauna da ita, ta ce yaron ya gaya mata muryoyin da take ji aljanu ne, ya kuma yi mata tofi a ruwa ya ba ta.

Na kira shi ofis, muka yi maganar da Hausa.

“Hajiya, wallahi tausayinta na ji. Wannan ba ciwon asibiti ba ne, ke ma kin sani.”

“Ƙanena, ni ma ba na shigowa gidan nan sai na yi addu'a. Ka roƙa mata sauƙi a sallarka, babu mai hana ka. Amma ita ta ce ka yi mata? Shekara goma tana koyon cewa muryoyin nan ciwo ne da ke lafawa, kai kuma a dare ɗaya ka sa mata wani a ɗaki.”

Ya sunkuyar da kai. Na gaya masa dole in rubuta, dole in sanar da sashen kare masu rauni na ƙaramar hukuma kamar yadda Dokar Kulawa ta 2014 ta tanada. Ya ce, “Hajiya, bizata.” Na san abin da yake nufi, takardar zamansa a ƙasar ɗaure take da aikin, kuma akwai bakuna da yawa a gida da ke jiran albashinsa. Na kwana ina juyi, amma na aika. An bincika, an ba shi gargaɗi da ƙarin horo, ya zauna. Yau shi ne wanda ke raka wani mazauninmu Musulmi masallaci ranar Juma'a, domin shi wannan da bakinsa ya nema, kuma mun rubuta a tsarin kulawarsa.

Abin da ya gwada ni da gaske ya zo a watan Fabrairun 2023. Mutumin ɗaki na 7, ɗan shekara 58, ya zo mana ne daga asibiti a watan Agustan da ya gabata, daidai lokacin da nake fama da fom. Yana shan kilozafin, maganin da ake bayarwa idan an gwada wasu biyu ba su yi aiki ba. Magani ne mai kyau amma mai sharaɗi: yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka ana gwajin jini duk mako na makonni 18, sannan duk mako biyu har shekara ta cika, sannan duk mako huɗu. Kuma idan mutum ya wuce awa 48 bai sha ba, ba a mayar da shi kan adadinsa, sai a koma farko, daga miligiram 12.5, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Ya sha na daren Alhamis ƙarfe tara. Ranar Juma'a bayan karin kumallo ya ce zai je sayen jarida. La'asar ta yi bai dawo ba, aka duba ɗakinsa, ga wayarsa a kan gado. Na kira asibitoci, na kira tawagar agajin gaggawa ta masu larurar ƙwaƙwalwa, na kira 'yan sanda na ba su hotonsa da kayan da ya sa. Sai na kira yayarsa. Tana kuka tana faɗa, tana cewa me ya sa ba mu kulle ƙofar ba, me ake biyan mu mu yi? Ina riƙe da wayar, muryar kakata nake ji.

Wata guda kafin nan na karanta cewa Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Na yi murna, na tura wa 'yan'uwa labarin, ina jin cewa ni na wuce zamanin sarƙa. Amma a daren Juma'ar nan, ga sanyin Fabrairu, ga agogon maganin na tafiya, da ina da ikon komawa safiya in murɗa makulli, da na murɗa. A daren na daina ganin laifin kakata.

Daren Asabar, bayan awa 48 ɗin sun cika, na shiga sito na sauko da kwalin takardun da ya zo da su daga asibiti. Taƙaitaccen bayanin da ke sama kawai na karanta lokacin da ya zo, na ce sauran sai na samu sarari. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ci karo da rubutun wata nas na shekarun baya: mahaifiyarsa ta rasu a watan Fabrairu, an binne ta a wani gari na bakin teku, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo yakan nemi a kai shi kabarinta. Wata shida takardar nan na cikin gidana. Na kira 'yan sanda na ba su sunan garin. Da hantsin Lahadi suka same shi a rumfar jiran bas kusa da maƙabartar, jikinsa na rawar sanyi, awa 61 rabonsa da magani.

Sai da aka yi kusan mako uku kafin a mayar da shi kan adadinsa. Ma'aikatan jinya na zuwa kullum suna auna bugun zuciyarsa da hawan jini da zafin jiki, muryoyin kuma suka dawo masa a tsakani, yana toshe kunne da matashi. Na aika wa CQC sanarwa, domin duk abin da ya kai ga 'yan sanda dole a sanar da ita. Na zauna da shi, na kuma zauna da yayarsa, na gaya musu akwai takardar da ya kamata in karanta ban karanta ba, na ba su haƙuri.

A taron da aka yi bayan ya samu sauƙi, yayarsa ta nemi a hana shi fita sai da ɗan rakiya, wasu ma'aikatana ma suna bayanta. Likitan ƙwaƙwalwa da jami'ar walwala suka auna fahimtarsa. Ya san maganinsa, ya san abin da barinsa ke jawowa, ya iya maimaita komai da bakinsa. Doka ba ta ba mu damar tsare mai irin wannan fahimta ba. Aka juyo gare ni. Maimakon in yi magana a kansa, sai na tambaye shi me ya sa ya ce jarida zai saya.

Ya ce, “Da na faɗa, da kun hana ni. Kullum hana ni ake yi.”

Na ce ba zan hana shi ba, amma ina so ya faɗa mini. Muka rubuta tsarin tare, shi yana faɗa ina bugawa. Ranar rasuwar ta shiga kalandar ofis. Likita ya amince ya riƙa tafiya da maganin dare biyu a ƙaramin kwali. Za mu saya tikitin jirgin ƙasa tare, mu kama masa ɗaki kusa da teku, ya tafi da waya cike da caji da kati mai lambar gidan a aljihun riga. Ɗan rakiya kuwa ya ce ba ya so, magana ce tsakaninsa da mahaifiyarsa. Yayarsa ba ta ji daɗi ba, kuma ta yi watanni tana amsa gaisuwata a taƙaice. Ni kuma na ware mako biyu na karanta kwalin kowane mazauni, tun daga shafin farko.

A watan Fabrairun 2024 ya tafi. Na raka shi bakin ƙofa, ya buɗe da hannunsa. A daren ban bar ofis ba ko da yake ba ni ce mai jiran waya ba. Ƙarfe tara da minti biyar wayar gidan ta yi ƙara. Ya ce ya sha maganin, ya kai furanni, kuma ana ruwa a can. Na tambaye shi ko ya tafi da rigar ruwansa, ya ce tana jikinsa. Na rubuta lokacin a littafin miƙa aiki, na sa hannu, na ɗauki jakata.